Yadda za ka rage nauyin kayan inji ta hanyar koyi da ƙashi: daga wurin mahauci zuwa gwajin lodi

Abu na farko da nake gaya wa duk mai son koyon wannan aikin shi ne ya ajiye kwamfuta tukuna, ya je wurin mahauci ya sayi ƙashin cinyar saniya guda ɗaya wanda ba a sara ba, har da kawunansa biyu. Ba wasa nake ba. Ka tafasa shi sosai, ka kankare sauran nama da jijiya, ka jiƙa shi a ruwan omo kwana biyu ko uku maiƙon ya fita, ka shanya, sannan ka ɗaure shi da kyau ka tsaga shi biyu da zarto a tsaye, daga wannan kai zuwa wancan. Ka rufe hancinka da ƙyalle don ƙurar ba ta da daɗi ko kaɗan. Shi kansa ɓargon kuma kada ka zubar, ai na miya ne.

To me za ka gani? Tsakiyar ƙashin bututu ne, bango mai kauri mai tauri, ciki kuma fanko inda ɓargo yake zama. Da ka doshi kawunan sai bangon ya riƙa sirancewa har ya koma kamar ɓawo, cikin kuma ya cika da wani abu kamar soso, 'yan siraran sanduna da suka sarƙe da juna. Idan ka kawo fitila kusa ka duba a tsanake za ka ga sandunan ba haka kawai suke a hargitse ba, suna da alƙibla, wasu sun taso sun lanƙwasa kamar bakan gizo wasu sun gitta su. A jikin ɗan Adam wajen kashi 80 cikin 100 na nauyin ƙashi daga wancan mai taurin ne, sauran 20 ɗin kuma soson.

Wannan layukan su ne suka ja hankalin wani injiniya mai suna Karl Culmann a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan a wajajen 1866, da ya ga zanen cikin ƙashin cinyar mutum da masanin jiki Hermann von Meyer ya yi, sai ya lura layukan sun yi kama da waɗanda shi yake zanawa idan yana lissafin yadda nauyi ke bi a cikin ƙugiyar ɗaga kaya. Daga baya likitan nan na Balin, Julius Wolff, ya fitar da abin a rubuce a 1892, cewa ƙashi yana sake fasalinsa daidai da nauyin da ake ɗora masa. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke wannan aikin ba dare ba rana, wasu suna cinye ƙashi kamar gara, wasu suna ginawa kamar magina, inda lodi ke wucewa a ƙara, inda yake zaman banza a rage. Shi ya sa 'yan sama jannati da suka daɗe a sararin samaniya suke rasa wajen kashi 1 cikin 100 na ƙashin ƙugu da ƙafa duk wata, shi ya sa kuma hannun da ɗan wasan tanis yake riƙe sandar wasa da shi ƙashinsa ya fi na ɗayan kauri.

Abin da za mu kwaikwaya kenan. Ba kamannin ƙashi ba, ɗabi'arsa. Na sha ganin mutum ya huda ƙarfe ta ko'ina ya mai da shi kamar rariya ya ce wai ya yi koyi da ƙashi, alhali ya huda daidai inda lodin yake bi.

Mataki na farko: rubuta duk wahalar da kayan zai sha

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, hannun da zai riƙe batir mai kilo 10 a jikin keken lantarki, ya fito milimita 200 daga jikin firam, an ɗaure shi da bol biyu. Kilo 10 kusan niyuton 100 ne, niyuton kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin turi ko ja. Amma fa wannan lissafin keken da yake tsaye ne a tsakar gida. Da ya faɗa rami ko ya hau kwalbati da gudu nauyin zai ninka, don haka ni sau uku nake ɗauka a irin wannan, wato niyuton 300. Sai ka zauna da biro da takarda ka tambayi kanka, in an taka birki ina batirin zai tura, in keken ya faɗi ta gefe fa, in yaro ya kama batirin ya ɗaga keken da shi fa, in wani ya ɗora ƙafa a kai zai hau fa. Kowanne ka rubuta ƙarfinsa da inda ya dosa.

Wannan matakin shi ne aikin gaba ɗaya, sauran duk bi-ta-da-ƙulli ne, kuma shi mutane suka fi yi wa hawan ƙawara. Dalili kuwa, ƙashi yana jin lodinsa da kansa kullum, in ka canza tafiya ya canza gini, in ya yi 'yar tsaga ya ɗinke ta cikin makonni ba tare da ka sani ba. Naka ƙarfen ba ya jin komai kuma ba ya warkewa, lodin da ka manta ba ka rubuta ba shi ne zai karya shi, kuma iya yadda ka sassaƙe kayan ya yi shafal iya yadda zai rasa abin da zai kare kansa da shi ranar da abin da ba ka zata ba ya zo.

Mataki na biyu gajere ne. Zana akwatin da kayan zai iya zama a ciki ba tare da ya taɓa taya ko sarƙa ko ƙafar mai tuƙi ba, ka ba shi fili iya yadda wurin ya bari, musamman tsayi. Sannan ka yi wa wuraren da ba za a taɓa ba alama: kewayen ramin bol, inda washa za ta zauna, da hanyar da sifana za ta shiga. Wannan na ƙarshen na taɓa mantawa da shi, na gama abu ya yi kyau tsaf ashe babu ta inda za a ɗaure shi.

Mataki na uku: lissafin hannu kafin manhaja

A nan darasin bututun ƙashi yake shigowa. Idan ka lanƙwasa sanda, saman yana jan jiki, ƙasan yana matsewa, tsakiyar kuwa kusan ba abin da take yi, ci kawai take. Galileo ma tun 1638 ya yi rubutu a kan wannan, ya kawo misalin ƙashin tsuntsu da karan alkama. Ga lissafin a fili. Ɗauki rodi cikakke, ka huda tsakiyarsa da ramin da faɗinsa rabin faɗin rodin ne, ka cire kwata na nauyinsa kenan, amma ƙarfinsa na ƙin lanƙwasa bai ragu da komai ba sai kashi 6 da ɗoriya cikin 100. Ko ka juya abin, rodi mai milimita 20 ka mai da ƙarfen nan dai bututu mai milimita 30 a waje, 22 da ɗan wani abu a ciki, nauyi bai canza ba ko giram ɗaya amma taurinsa wurin lanƙwasa ya ninka sau uku da rabi.

To mu koma kan hannun batirinmu. Niyuton 300 sau milimita 200 ya ba mu ƙarfin lanƙwasa na 60,000 a gindin hannun, wato inda ya haɗu da firam, a tsakiya rabin haka, a can baki kuma sifili. Kenan tun daga nan ka san gindi ne ke buƙatar kauri, baki kuwa ya sirance, kamar reshen bishiya. In ka yi shi da falan alminiyam mai milimita 30 da 10 ka tsayar da shi a kan gefensa, matsin da zai sha a gindi 40 MPa ne (MPa ɗaya niyuton ɗaya ne a kan kowace murabba'in milimita), in ka kwantar da shi kuwa 120 ne, kuma zai sunkuya ninki tara. Ƙarfe ɗaya, nauyi ɗaya giram 162, juyi kawai.

Yanzu ka sassaƙe tsakiyar ta gefe da gefe, ka bar leɓe mai kaurin milimita 4 sama da ƙasa, da bango mai milimita 3 a tsakani, irin fasalin ƙarfen da ake shimfiɗa gada da shi. Nauyi ya sauko wajen giram 79, ƙasa da rabi, taurin da ya saura kusan kashi 72 cikin 100 ne na yadda yake da, matsin ya hau zuwa 55. Alminiyam irin 6061-T6 sai ya wuce 240 yake fara lanƙwashewa ya ƙi dawowa, to ka ga akwai sauran fili. Amma tsaya, kada ka yi murna tukuna. Ka tuna lodin faɗuwa ta gefe da muka rubuta? Ta wannan ɓangaren taurin ya zube ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na yadda yake da, in kuma murɗawa ce ta zo abin ya fi haka muni. Nan ne za ka gane me ya sa ƙashin cinya bututu ne ba fale-fale ba, saboda saniya ba ta san ta ina santsi zai kwashe ta ba. In lodinka hanya ɗaya yake bi, yi mai leɓe biyu, in ta ko'ina yake zuwa ko akwai murɗawa, rufaffen bututu ko akwati shi ne magani.

Shi ma bututun yana da iyaka. In bango ya yi siriri da yawa ba karyewa zai yi ba, loɓawa zai yi farat ɗaya, kamar gwangwanin lemo da zai iya ɗaukar nauyi mai yawa a tsaye amma da an ɗan tsokane shi a gefe sai ya durƙushe. Manyan tsuntsaye da ƙashin fiffikensu yake da siririn bango akwai 'yan tokare a ciki saboda wannan, kai ma in ka rage bango sai ka sa haƙarƙari ko tokare jefi-jefi.

Wani abu a gefe, mutane suna ɗauka da sun koma alminiyam shi kenan nauyi ya tafi. Alminiyam giram 2.7 ne a kowace santimita kubik, baƙin ƙarfe 7.85, wato baƙin ƙarfe ya fi alminiyam nauyi kusan sau uku, amma kuma ya fi shi tauri kusan sau uku, don haka kunnen doki suka yi. Ribar alminiyam ita ce yana ba ka damar yin abu mai faɗi da kauri ba tare da nauyi ba. Fasali ne ke kawo riba.

Mataki na huɗu: bar kwamfuta ta yi aikin gara

Akwai manhajojin da ke yin daidai abin da ƙwayoyin ƙashi suke yi. Ka ba su akwatin nan naka a cike, ka nuna inda aka ɗaure, ka sa lodi, ka ce ina son a bar min kashi 30 ko 40 na ƙarfen, sai su daddatsa shi ƙanana-ƙanana a lissafi, su duba wane yanki ne yake aiki wane ne yake barci, su rage mai barcin su sake lissafi, haka dai har sau gommai. Ana kiran abin gyaran topoloji. Martin Bendsøe da Noboru Kikuchi ne suka kafa tushensa na zamani a 1988, shi kuma Claus Mattheck a Karlsruhe ta Jamus ya gina tasa hanyar kai tsaye daga nazarin bishiyoyi da ƙasusuwa. Yau za ka same shi a Fusion 360, SolidWorks, Ansys da Altair Inspire. In babu kuɗin lasisi, FreeCAD kyauta ne kuma zai nuna maka inda matsi ya taru da launuka, sai ka riƙa ragewa da hannunka kana maimaitawa, ya fi cin lokaci amma wallahi ya fi koyarwa. Ɗalibin jami'a kuma ya nemi ɗan gajeren shirin manhajar lissafi ta MATLAB mai layi 99 da Ole Sigmund ya fitar a 2001, shi ne ƙofar shiga ga mutane da yawa.

Abin ba tatsuniya ba ne. A 2013 kamfanin General Electric (GE) ya sa gasa a shafin intanet na masu zanen inji, GrabCAD, ta sake zana wani mariƙin injin jirgin sama mai nauyin giram 2,033, wani injiniya ɗan Indunusiya, Arie Kurniawan, ya ci da zane mai giram 327, ragin kashi 84 kenan. A 2018 General Motors ta haɗe ɓangarori takwas na mariƙin kujerar mota suka zama guda ɗaya, ya fi na da sauƙi da kashi 40 ya kuma fi shi ƙarfi da kashi 20. In ka kalli hotunansu sai ka rantse daga kwata aka tsinto su.

Kurakuran da aka fi yi a nan uku ne ko huɗu. Sa lodi ɗaya tak, sai manhajar ta ba ka wani abu siriri mai ban sha'awa wanda iska ta gefe ma za ta lanƙwasa, don haka ka shigar da duk lodin da ka rubuta kowanne daban. Ɗaure duk fuskar bayan kayan a lissafi alhali a zahiri bol biyu ne kawai suke riƙe da shi, wannan yana sa abu ya yi kamar ya fi ƙarfinsa. Daddatsawa manya-manya, wanda ba zai bari siraran sanduna su fito ba. Sai kuma rashin gaya mata yadda za a ƙera abin, ai in da injin sassaƙa za ka yi ko zubi, dole ka faɗa mata ta wane gefe kayan aiki zai shiga, in ba haka ba ta zana maka abin da babu mai iya yi a duk garin.

Mataki na biyar, kada ka ɗauki abin da ta fitar ka kai shago. Taswira ce ta hanyar da lodi yake bi, ba zanen ƙarshe ba. Ka shimfiɗa shi a ƙasa ka sake zana naka a kai, ka miƙe sandunan, ka cire 'yan ƙananan rassan da ba su da amfani, yawanci za ka ga alwatika ce take ta maimaita kanta. Sannan ka koma kan ƙashinka ka duba, ko kusurwa ɗaya mai kaifi babu a jikinsa, duk inda siriri ya haɗu da kauri a hankali yake buɗewa kamar bakin kakaki. Matsi yana son lungu mai kaifi. Ramin da'ira ma kawai a falan ƙarfen da ake ja yana ninka matsin bakinsa sau uku, mai kusurwa kuwa ya fi haka, kuma jiragen Comet na Ingila da suka tarwatse a sama a 1954 tsagar gajiyar ƙarfe ce, wato wadda maimaicin lodi ke haifarwa, da ta faro daga kusa da kusurwar wata taga. Don haka kowane lungu ka zagaye shi, iya girman da wuri ya bari, ka goge sawun zarto da magagari. Kayan da ke girgiza kullum irin na keke ba lodi ɗaya ke kashe su ba, maimaici ne, kuma alminiyam ba shi da haƙurin baƙin ƙarfe a nan, shi ya sa nake son matsin yau da kullum ya tsaya ƙasa da 100 sosai, a lungu ma ba a fili kawai ba.

Maganar soso

Kowa soson yake so saboda kyau. Gaskiya ba ko'ina yake da amfani ba, ka duba inda ƙashi ya ajiye nasa, a kawuna ne, inda nauyi ke shigowa ta fili mai faɗi daga gaɓa ana tattara shi zuwa bangon bututu, da inda ake son shanye duka. A tsakiya bai sa ba. Kuma soso yana da tsada a lissafi, binciken Gibson da Ashby ya nuna irin soson da sandunansa ke lanƙwasa in ka bar kashi 30 na abu taurin da zai saura kusan kashi 9 ne kawai, in ka bar 10 ya koma 1. Wanda aka saƙa da alwatika, sandunan suna ja da tokarewa maimakon lanƙwasa, bai kai haka asara ba. To ka sa shi a matsayin ciko tsakanin fata biyu masu ƙarfi, ko ƙarƙashin inda batir zai zauna. Masu firintar 3D ta roba, a Cura ko PrusaSlicer akwai cikon da ake kira jairoyid, yana da ƙarfi kusan daidai ta kowane gefe, amma ƙara yawan zagayen bango ya fi ƙara ciko amfani, darasin bututu ne dai ya sake dawowa.

Mataki na shida: da me za a ƙera?

In firintar roba ce, ka sani tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa ne rauninta, don haka ka kwantar da kayan yadda ja zai bi tsawon zaren ba ya raba shimfiɗu ba, kuma duk abin da ya karkata fiye da digiri 45 zai nemi tokare. Robar PLA tana fara laushi tun wajen digiri 60 na zafi, kada ka yi abin da zai wuni a rana ko kusa da inji da ita. In firintar ƙarfe ce mai aiki da gari, duk rufaffen ɗaki sai ka bar masa ƙofar da garin zai zube.

Mafi yawanmu dai ba mu da waɗannan, kuma ba komai. Hanyar lodin da ka gano za ka iya yanke ta a falan ƙarfe ka lanƙwasa gefuna su zama leɓe, ko ka haɗa ta da siraran fayif wurin mai walda, su ma masu zubin tukunyar alminiyam a yashi za su iya zuba maka in ka kai samfuri na katako ko na roba, sai dai ka ƙara kauri don narkakken tarkace ba a san ƙarfinsa ba kuma yakan ɓoye kumfa a ciki. In kuma 6061-T6 za a yi wa walda, wurin da wuta ta taɓa yana iya rasa kusan rabin ƙarfinsa, don haka kada waldar ta faɗa gindin hannu inda lissafinmu ya kai 60,000, matsar da ita gaba ko ka yi amfani da bol.

Na ƙarshe gwaji. Ka ƙera aƙalla uku. Ɗaure na farko a jikin ƙarfe mai ƙarfi da irin bol ɗin da za a yi aiki da shi, ka rataya jarka a baki kana zuba ruwa, lita ɗaya kilo ɗaya, kana auna sunkuyawar da rula duk bayan lita biyar kana rubutawa, har ka kai kilo 30, sai ka sauke ka ga ko ya koma inda yake. In abin da ka auna ya yi nisa da abin da kwamfuta ta faɗa, koma ka duba yadda ka ɗaure shi a lissafi, galibi a nan matsalar take. Ka juya shi ka gwada ta gefe. Na biyu ka yi ta ƙara masa buhun yashi har ya karye, ka janye ƙafarka daga ƙasa, sannan ka duba inda ya karye ka ƙara nama a wurin, inda ko gezau bai yi ba kuma ka rage a zane na gaba. Na uku ka ɗaura a keken ka bi hanya mafi muni a unguwarku na sati biyu, da igiya ko waya ta biyu riƙe da batirin ko da zai saki, duk yamma ka goge lungunan ka shafa tawadar maka ka sake gogewa, in akwai tsaga komai ƙanƙantarta tawadar za ta maƙale a ciki ta fito kamar zaren gashi.